Kamfanin manhaja ya kawo wa ƙungiyarmu tayi: amsoshin malamin gona daga Samaru

Saƙon da ya fi nauyi a wannan makon ya fito ne daga shugaban wata ƙungiyar manoman masara a wajen Giwa. Ya ce wasu samari masu kamfanin ƙirƙirar manhaja sun same su da tayi: za su gina musu manhajar da za ta riƙe sunayen mambobi, lissafin bashin taki, farashin kasuwa, har da ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayar manomi. Sun zo da tsarin shekara uku a takarda mai sheƙi. Yana tambaya ko su sa hannu.

Ranka ya daɗe, kada ku sa hannu tukuna, kada kuma ku kore su. Tsarin da suka kawo nasu ne, an gina shi a kan abin da ake yayi a sana'arsu. Shekarun baya jirgi marar matuƙi ake ta yi mana talla, bana ƙirƙirarriyar basira ce a bakin kowa. Naku tsarin kuwa damina ke juya shi. Ku zauna ku kaɗai, ba tare da su ba, ku tambayi kanku: a ina kuɗin ƙungiya ya zube bara? A yawancin ƙungiyoyin da na yi aiki da su, ɓarakar wuri ɗaya take. An raba taki a watan Yuni, kaka ta zo, sai gardama ta tashi kan wa ya karɓi buhu nawa, wa ya biya da masara, wa ya biya da kuɗi. In taku ke nan, wannan kaɗai za ku ce su gina muku a shekarar farko. Sauran su jira.

Ku tuna da shirin tallafin taki ta waya da gwamnatin tarayya ta fara a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, wanda kamfanin Cellulant ya gina. Saƙo ne ke shigowa wayar manomi, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Abin da ya sa ya kai ƙauyuka shi ne saƙon tes kowace waya na karɓarsa, ko mai tocila ce. Inda ya yi tuntuɓe kuwa, rashin sabis ne da matsalar rajista: mutum ya zo wurin raba kaya, saƙo bai shigo ba, ko sunansa bai dace da wanda ke takarda ba. Waɗannan ramukan suna nan har yau.

Saboda haka ga gwajin da za ku yi musu. Ku ɗauke su da samfurin manhajar zuwa gonar da ta fi nisa da titi, a kashe data, a miƙa wa dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinku. In ba za ta iya ajiye bayani ba sai da intanet, ba taku ba ce. Wadda ta dace ita ce mai riƙe abin da aka shigar a cikin wayar, ta tura daga baya in an samu sabis. Mambobin da ba su da babbar waya a yi musu hanyar danna lambobi irin ta banki, ko saƙon murya da Hausa, domin da yawa ajami suke karantawa, ba boko ba. Sannan ku duba awo. Wanda ya rubuta manhajar a ofis kilo ya sani, ku kuwa buhu da tiya kuke lissafi, kuma tiyar wata kasuwa ba ta wata ba ce. In ba a daidaita wannan tun farko ba, gardamar da kuke gudu za ta dawo, sai dai yanzu a cikin waya.

Wurin da nake so ku fi buɗe ido shi ne takardar yarjejeniya. Sunayen mambobi, lambobin wayarsu, lambar NIN, girman gonakinsu da abin da suka noma dukiya ce, kuma akwai masu saye. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan na ƙungiya ne, kamfani ba zai ba kowa ba sai da izininku, kuma duk ranar da kuka nema za a miƙa muku su ta yadda za su buɗu a kowace kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana bayanku. Ku tambayi kuɗin kula na kowace shekara, don manhaja ba a gama ta sau ɗaya: wayoyi na canzawa, wurin ajiyar bayanai haya ake biya. Ku kuma tambaya, in kamfanin ya rushe ko samarin suka samu aiki a Legas suka tafi, makullin yana hannun wa? Ba zargi ba ne. Ƙananan kamfanoni kan watse, kuma na kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Biya kuma a raba shi bisa tafiyar noma: kashi ɗaya bayan an gama rajista, kashi ɗaya bayan rabon taki ya tafi lami lafiya, cikon sai an rufe lissafin kaka. A yi gwaji da rani, tsakanin Janairu da Maris, lokacin da mutane ke da sukuni. Babu mai koyon danna waya a tsakiyar huɗa. Magatakarda ya ci gaba da riƙe babban littafinsa damina guda cur a kwatanta. In kuma ku kaɗan ne, kowa ya san gidan kowa, gaskiya littafi da zauren WhatsApp sun ishe ku, ku sayi iri mai kyau da kuɗin.

Wani matashi daga Soba ya ce ya ɗauki hoton ganyen masararsa da ya yi rawaya, manhaja ta ce cuta ce, mai shago kuma ya riga ya ɗauko masa magani.

Ɗana, manhajoji irin su Plantix, ta wani kamfanin Jamus, da Nuru ta PlantVillage suna da amfani, amma ganye ɗaya suke gani, kai kuwa gona gaba ɗaya kake gani. Duba daga inda rawayar ta faro. In daga ganyen ƙasa ne, ta tashi daga tsini tana bin jijiyar tsakiya, yunwa ce, yuriya take nema, feshi ba zai yi komai ba. In masarar ta tsugune ta ƙi tashi kamar ta sha fari alhali ana ruwa, zargi ciyawar wuta-wuta, tun kafin furenta ya fito take tsotsar saiwa. Tsutsar da ta shigo mana a 2016 ita ba ta ɓuya: buɗe kan masarar, za ka ga ganye a huje da kashinta kamar dusar katako. In ita ce, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin kan shukar. In ka rasa gane ko wanne ne, tuge guda da saiwarta ka kawo Samaru, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta IAR da na cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS suna nan.

Wata baiwar Allah daga Hunƙuyi ta tambaya ko awon gona da waya abin yarda ne, don an ce gonar da ta gada eka biyu ce, ita kuma tana shakka.

Hajiya, wannan shi ne aikin waya da na fi yarda da shi. A samu yaro ya riƙe wayar ya zagaya iyakar gonar a hankali, ya tsaya a kowace kusurwa, ya maimaita sau biyu. A ƙaramin fili takan ɗan yi kuskure, amma ta fi awon ido nesa ba kusa ba. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, kuma a ƙasarmu masara na son takin kamfa 15-15-15 buhu 8 da yuriya kusan buhu 3 a hekta. Kin ga in awon ya karkace, ko a zuba taki ya yi yawa, ko a biya mai tarakta kuɗin filin da babu shi.

Masu tambaya kan hasashen ruwan sama na waya suna da yawa. Na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, da ke fitowa farkon kowace shekara, mai nuna lokacin saukar damina da ɗaukewarta, ya isa a tsara sayen iri da shi: in an ce daminar gajera ce, a nemi mai saurin nuna. Amma ranar shuka ƙasa ce ke faɗa. Ruwan farkon Mayu yakan yi yaudara ya ɗauke. A bari ya zauna, a tona a ga laima ta kai tsawon tafin hannu, sannan a fito da iri.