Tambaya da Amsa: Kayana suna cikin had disk, amma manhaja ta ƙi buɗe su

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya da tura karatu, wa'azi da fina-finai a kusa da kasuwar Maigatari. Duk kayana suna cikin had disk na waje mai terabayit 1. A da kwamfuta tana nuna shi da harafin E, yanzu ya koma F. Tun daga ranar, jerin karatun da na tsara a VLC ya daina buɗewa, Windows Media Player kuma yana nuna sunayen amma ba ya kunna komai. Wani ya ce in yi wa had disk ɗin fomatin. Me zan yi? — Mai karatu daga Maigatari

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka yi fomatin. Fomatin zai share kayan da ka daɗe kana tarawa, alhali lafiyarsu ƙalau. Shiga F ɗin ka buɗe folda ɗaya, ka danna fayil ɗaya kai tsaye. Idan ya kunna, to harafi ne kawai ya rikice.

Jerin da ka tsara ba ya ɗauke da karatun kansa, adireshinsa kawai yake riƙewa, kamar E:\Karatu\Baƙara.mp3. Kamar a sauya wa ɗan kasuwa rumfa ne: mai nemansa ya je tsohuwar rumfar ya tarar da wani, ko ya tarar ba kowa. Windows tana ba duk abin da aka soka mata harafin farko da ta samu a sake. Idan wata rana filash ɗin kwastoma ya riga had disk ɗinka shiga, sai ya karɓe E, naka ya koma F. Kad rida, wato na'urar karanta memori, mai ramuka da yawa ta fi kowa wannan ɓarna, domin wasu suna kama haruffa uku ko huɗu ko da babu memori a ciki. Modem na intanet ma yakan ci harafi ɗaya. Wayoyin Android na yanzu ba sa cin harafi, kada ka zarge su.

Gyaran shi ne ka mayar masa da harafinsa. Rufe VLC da Media Player, ka zare duk filash, kad rida da modem, ka bar had disk ɗin kaɗai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc ka danna Enter. Za ka ga jerin ma'ajiyoyin kwamfutar. Gane naka da girmansa: mai terabayit 1 yana nuna kusan 931 GB. Ɗora masa mawus ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi "Change Drive Letter and Paths", sannan "Change", ka zaɓi E, ka danna OK. Zai yi maka gargaɗi cewa wasu manhajoji na iya samun matsala, ka amsa da Yes. A wannan jerin zaɓin akwai "Format" da "Delete Volume" dab da abin da kake nema, don haka ka natsu, kada ka yi aikin nan da kwastoma tsaye a kanka. Kada kuma ka taɓa C, nan Windows kanta take zaune. Ka tabbata batirin kwamfutar na da caji kafin ka fara, kada janareta ya mutu a tsakiyar aiki.

Da ka mayar da E, jerin zai dawo aiki nan take. Sai dai a shago irin naka, inda filash goma ke shiga da fita ranar kasuwa, E harafi ne da kowa ke rububinsa. Shawararmu ita ce ka ba shi harafi na can nesa, kamar M ko X, wanda filash ba zai kai gare shi ba. Windows za ta riƙe masa shi a wannan kwamfutar, amma idan ka kai shi wata, sai ka sake saita shi a can.

Idan ka koma X, sai ka gyara jerin sau ɗaya. Fara kwafe fayil ɗin jerin ka ajiye a gefe. Na VLC yawanci yana ƙarewa da .xspf, buɗe shi da Notepad, za ka ga adireshin kamar file:///E:/Karatu. Danna Ctrl da H, a gurbin sama ka rubuta file:///E:/ a na ƙasa file:///X:/ ka zaɓi "Replace All", ka adana. Kada ka sauya harafin E shi kaɗai, domin zai lalata duk sunan da ke da E a ciki. Jerin .m3u ma haka ake yi masa, sai dai ka duba yadda aka rubuta adireshin a ciki, wani E:\ ne, ka kwaikwaye shi daidai.

Shi kuwa Windows Media Player 12, shiga "Organize", "Manage libraries", "Music", ka cire tsohuwar folda ta E ka ƙara sabuwar ta X, ka yi haka ga "Videos". Ba shi lokaci ya gama lissafa kayan. Idan suna da yawa zai ɗan jima. Idan tsofaffin sunaye sun maƙale suna fitowa biyu-biyu, danna Ctrl da M jerin umarni ya bayyana a sama, ka bi "Tools", "Advanced", "Restore media library". Rajistar kawai yake sabuntawa, ba ya taɓa fayil. Inda ake asara shi ne wajen goge sunayen da hannu: idan ya tambaye ka, "Delete from library only" za ka zaɓa, ɗayan zaɓin yana share fayil ɗin daga had disk.

Amma idan ka ga an rubuta RAW a jikin had disk ɗin, ko kwamfuta na cewa sai an yi fomatin kafin a buɗe shi, ko yana ƙas-ƙas, wannan ba maganar harafi ba ce. Zare shi, ka kai wa mai ceto bayanai kafin a rubuta komai a kansa.

TAMBAYA: Ni malamar Islamiyya ce a wani ƙauye kusa da Rano. An sabunta mini Windows, sai ɓangaren had disk ɗin kwamfutata da nake ajiye karatun ɗalibai ya tashi daga D ya koma E. Na so in mayar, amma babu D a cikin haruffan da ake zaɓa.

AMSA: Malama, wani abu ne ya riƙe D ɗin, kuma galibi wurin saka faifan DVD ne. A cikin wannan shafi na diskmgmt.msc, duba ƙasa za ki ga "CD-ROM 0". Fara sauya masa harafi zuwa Z ta hanyar da muka bayyana a sama, sai D ya fito a jerin, ki ba ɓangaren karatun. Idan ya ce ana amfani da ɓangaren, rufe duk folda da manhajar da ke buɗe ki sake gwadawa, sannan ki kashe kwamfutar ki kunna kafin ki buɗe jerin karatun.