Yarona yana KNUST, an ce masa mai katin inshora farasitamol kawai ake ba shi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce a Aboabo, Kumasi. Ɗana na fari ya samu shiga KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, bana, shekararsa 19, yana zaune a hostal a Ayeduase. A cikin kuɗin makarantar da muka biya na ga har da na lafiya, kuma yana da katin inshora tun yana ƙarami, sai dai ban san ko yana aiki ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, tun da aka buɗe makaranta sau biyu yana kwanciya da zazzaɓi, kuma duk biyun bai je asibiti ba. Wai abokansa sun ce mai kati wuni yake yi a layi, ƙarshenta a ba shi farasitamol, gara ya sayi magani mai ƙarfi a waje. Wani ne ya auna shi ya ce maleriya ce da taifod, ya zo har ɗaki ya yi masa allurai da ƙarin ruwa. Da ya zo gida na ga duk ya rame. Babansa ya ce mu yi masa inshorar kamfani mai zaman kansa. Mu yi, ko akwai abin da ya fi?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Kin yi daidai da kika kasa barci, amma ba maganar kati ce ta fi damuna a wasiƙarki ba. Bari dai in sallami katin tukuna, don shi ne mai sauƙi.

Kuɗin lafiya da ke cikin kuɗin makaranta daban, inshorar ƙasa ta NHIS daban. Na farkon na hidimar asibitin makaranta ne. Ranar da ya tafi hutu Tamale ko Bawku, ko aka tura shi babban asibitin Komfo Anokye, katin NHIS za a tambaye shi. Kuma kada kwanan watan da ke jikin katin ya ruɗe ki. Robar tana yin shekara 5, amma rajistar duk shekara ake sabunta ta. Da yana ƙasa da 18 an ɗauke masa kuɗin shekara, yanzu ya wuce nan, sai ya biya. Ya danna *929# a wayarsa, ya duba ko katin na raye, ya biya ta momo, wato kuɗin waya, ya haɗa shi da katinsa na ɗan ƙasa, Ghana Card. Tun ƙarshen 2018 ake wannan, ba sai an je ofis an bi layi ba, kuma kuɗin bai kai abin da yake zubawa a data cikin wata ɗaya ba. Ya yi shi yau yana tsaye da ƙafarsa, domin wanda ya bar rajistarsa ta ƙare har aka haura wata 3 yakan jira wata guda kafin katin ya sake aiki, kamar sabon shiga. Gwajin lafiyar shiga makaranta, gilashin ido da ɗakin alfarma a asibiti ba sa ciki, kada ya je yana rigima a kansu.

Yanzu ga abin da nake so ki karanta masa da kanki, ko ki tura masa ya karanta wa abokan nan nasa.

Zancen nan na cewa maganin inshora ba shi da ƙarfi, kullum sai na ji shi, daga tsohuwa mai sayar da koko har ɗalibin injiniya, kuma ya kwantar da mutane fiye da yadda kike zato. Tushensa bai wuce karin maganarmu ba: araha ba ta ado. Mutum ya ga bai fitar da sidi ko ɗaya ba, sai zuciyarsa ta ce masa abin banza aka ba shi. To ai ya biya. Duk sanda ya sayi kayan da ake cire wa haraji, kashi 2.5 cikin ɗari na harajin lafiya ne, da shi ake ciyar da shirin tun bayan dokar 2003 da ta kawo ƙarshen zamanin da sai ka ajiye kuɗi a teburi kafin likita ya taɓa ka. Maganin maleriya da ake bayarwa a tagar famasin asibiti, artemether da lumefantrine ne. Wanda ya saya a kwali mai ƙyalli da sunan Coartem ko wani suna, artemether da lumefantrine ne, awo ɗaya, sha 6 cikin kwana 3. Shinkafa ɗaya ce, wani ya auno ta a leda a kasuwar Kejetia, wani ya ɗauko ta a buhu mai hoto a Kumasi City Mall. Abin dubawa shi ne ko hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi wa maganin rajista, da ko ya sha shi yadda aka ce, da abinci mai maiƙo, har ya ƙare. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, rana ta biyu suka ji dama suka jefa sauran a jaka.

To, farasitamol ɗin fa? Gaskiya ne ana bayarwa, kuma sau da yawa shi ne daidai. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin maleriya sai an gwada. Gwajin ɗan tsinke ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. Idan ya nuna babu, kuma likita ya duba maƙogwaro, ya saurari ƙirji, ya latsa ciki, ya ga mura ce irin wadda ke zaga hostal duk farkon zango, maganinta hutu, ruwa da farasitamol. Yaro ya fito yana ƙunƙuni wai ba a ba shi komai ba. An ba shi abin da ya fi tsada a ginin, wato an tabbatar masa abin da ba shi da shi, an kuma rubuta a folda, in ya dawo jibi bai ji sauƙi ba a san daga inda za a tashi. Wannan shi ne abin da katin ke saya masa. Ƙwayoyin kuwa ko ina akwai su.

Mai zuwa ɗaki da jaka ba ya taɓa cewa ba ka da komai, don in ya faɗi haka ba shi da abincin ranar. Shi kullum amsarsa ɗaya: maleriya da taifod. Na san yadda abin yake, don waɗanda ya yi wa aikin mu muke karɓarsu bayan ya gama. A rataya ledar ruwa a ƙusar da ake rataya tawul, a zuba mata bitamin ta koma rawaya don yaro ya ga an sa magani, alhali ruwan gishiri ne ko na sukari, wanda mai iya shan ruwa da bakinsa ba ya buƙata. Sannan allura mai haɗi, yawanci da diclofenac da dexamethasone a ciki. Waɗannan biyun suna sauke zafin jiki, su kashe ciwo, cikin awa ɗaya yaro ya tashi ya nemi wake da shinkafa, ya ce wallahi mutumin nan ya iya aiki. Ciwon yana nan, bakinsa aka toshe. In afendis ne yana ci gaba da kumbura har ya fashe. In olsa ce, diclofenac a cikin da ba abinci zai iya huda ta. Ƙoda ma ba ta yafe wannan. Daga ƙarshe a ƙulla masa ƙwayoyi a 'yar leda, fari biyu, kafso ja da rawaya ɗaya, ba suna, ba kwanan wata. Sai a kawo mana shi, mu ce me ya sha, a miƙo mana leda.

Allurar maleriya tana da wurinta. Ta mai maleriya mai tsanani ce, wanda ke amai ba ya riƙe komai, ko ya fita hayyacinsa, kuma irin wannan gadon asibiti yake buƙata, ba katifar hostal ba. Ko an yi ta, dole a bi ta da ƙwayoyin kwana 3.

Taifod kuwa, Hajiya, a nan ake cin kuɗin iyaye. Gwajin da suke dogara da shi, Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun garkuwar jiki yake gani, kuma wanda ya tashi a gari irin namu, ya taɓa haɗuwa da cutar ko 'yan uwanta, zai iya nuna masa akwai yana zaune lafiya ƙalau. Maleriya kanta tana iya ɗaga shi. Taifod ta gaskiya ana tabbatar da ita ne ta hanyar shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, kwanaki ake jira. Kuma ba ciwon wasa ba ce, zazzaɓi ne mai hawa kullum har sama da mako, in aka yi sakaci ta huda hanji. Ba ta zuwa sau biyu a zango ɗaya ta tafi da ƙarin ruwa leda guda. Duk cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa don taifod, da aka ɗura masa a banza, koya wa ƙwayoyin cuta na cikinsa ake yi yadda za su jure, ran da ya buƙace shi da gaske ya ƙi ci. Kuma wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya zo, ya ɓata mana sawu, ko mun shuka jinin ba lalle ya nuna ba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne zazzaɓin da ba maleriya ba ne, ba taifod ba. Ke 'yar Aboabo ce, ba sai na tuna miki Disambar 2017 ba, lokacin da ɗalibai 4 suka rasu a makarantar sakandare ta Kumasi Academy, nan Asokore Mampong, gwaji ya nuna murar H1N1 ce. Akwai sanƙarau, mai son cunkoson ɗaki da lokacin rani, wanda awoyi ake lissafa masa ba kwanaki ba. Ranar farko duk kamarsu ɗaya: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Ki gaya masa, ki gaya wa wanda suke ɗaki ɗaya, ki karɓi lambar wayarsa ma: in wuya ya sanƙare, ko haske na damun ido, ko ya fara surutai, ko numfashi na sarƙewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya koma baƙi, ko ciwon ciki ya tare a ƙasa ta dama, ba a jiran gari ya waye. A sa shi a tasi zuwa asibitin makaranta, ko a kira 112. Larurar gaggawa ba ta buƙatar takardar turawa, ko a Komfo Anokye.

Ba zan rufa wa tsarin asiri ba, shi ma da laifinsa. Layi akwai shi. Akwai ranar da za a rubuta maka magani a ce babu, je ka saya. Akwai inda za a ce kawo ciko. Babban dalili shi ne jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikin da suka riga suka yi, an sha kai watanni, mai kawo magani kuma ba ya karɓar haƙuri a madadin kuɗi. Masu zaman ofis su yi ta taro, mu a bar mu da marar lafiya yana hararar mu. Amma cikon nan a kan abin da inshora ta ɗauka haramtacce ne, hukumar NHIA mai kula da inshorar da kanta take faɗa. Duk sidin da ya biya ya karɓi rasit, in abin bai yi masa ba ya kai ofishin inshora na gundumarsa. In an ce babu magani, ya nemi a rubuta masa a takardar inshora ya kai famasin da ke karɓar NHIS. Ɗalibin jami'a ne, in bai iya tambayar haƙƙinsa ba, wa zai iya?

Mu iyaye ma da namu. Yaro ya bugo waya ya ce ba shi da lafiya, kafin ya rufe baki mun tura momo, mun ce je ka sayi magani. Mun sauke nauyi a ganinmu. Jikin nan amana ne a hannunsa, shi kuma amana ne a hannunmu, kuma tura kuɗi ba shi ne riƙon amana ba. Daga yau in ya ce ba shi da lafiya, tambayar farko ita ce wa ya duba ka, ta biyu turo mini hoton takardar. Masu shagon magani da ba famasi ba, lasisinsu bai ba su ikon yin allura ko sa ruwa ba, balle wanda ko shagon ba shi da shi.

Maganar Alhaji ta inshorar kamfani, ni ban ga buƙatarta yanzu ba. Dokar 2012 ta ce kowane mazaunin Gana ya kasance cikin NHIS, ta kamfani ƙari ce a kai. Amfaninta rage layi da shiga asibitin kuɗi. In wurin aikinsa suna ɗaukar 'ya'ya, ya tambayi iyakar shekaru ya sa shi. In daga aljihu ne, a tabbatar kamfanin na da lasisin NHIA, a karanta abin da ba su ɗauka kafin abin da suke ɗauka. Amma yaron da bai je asibiti da kati ɗaya ba, ba zai je da biyu ba.

Ramar nan ce ba na so a bari. Ta yiwu jiƙa gari ne da rashin barci, wannan ciwon duk ɗan shekarar farko ne. Amma zazzaɓi sau biyu da rama, sai an duba. Cikin makon nan ya je asibiti da safe, ya tafi da duk kwalaye da ledojin abin da ya sha, ya faɗi gaskiyar allurar da aka yi masa, ba wanda zai kama shi. A ƙirga masa jini, a duba sukari, a duba ƙoda saboda abin da aka zuba masa. In yana tari sama da mako 2 ko yana jiƙewa da gumi da dare, ya faɗa, a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne. In yana da sikila ko asma, a rubuta a foldarsa tun yanzu, wanda suke ɗaki ɗaya ma ya sani. Kuma ki sa ya ɗaura gidan sauro a gadonsa, ko abokan za su yi masa dariya.