Ɗana zai tafi Indiya, an ce akwai sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya samu gurbin karatun aikin gona a jihar Assam ta Indiya. An ce ya yi rigakafin wata cuta da sauro ke kawowa, mai kumbura ƙwaƙwalwa. Irin sanƙarau ɗinmu ce? In ya zo hutu zai iya shafa wa ƙannensa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a karatun. Ki kwantar da hankalinki game da ƙannen, wannan cuta ba ta bi daga mutum zuwa mutum. Sanƙarau ta numfashi take yaɗuwa. Ita kuwa wannan, da ake kira kumburin ƙwaƙwalwa na Japan domin can aka fara ganin ta a 1871, sai sauro ya ɗauko ta.

Sauron nau'in Kuleks ne, yana ƙyanƙyasa a ruwan da ya kwanta a gonakin shinkafa, yana cizo daga magariba zuwa asuba. Ƙwayar cutar tana zaune a jinin aladu da tsuntsayen bakin ruwa irin su zalɓe da balbela. Sauro ya sha jininsu, ya zo ya ciji mutum. A jinin mutum kuwa ba ta yin yawan da wani sauron zai sake ɗauka.

Bayan cizon, ƙwayar takan hayayyafa a kaluluwa ta shiga jini. Yawancin mutane jikinsu na cin ƙarfinta, ba su ma san sun kamu ba. Kusan ɗaya cikin 250 ne take tsallakawa ƙwaƙwalwarsa: cikin kwana 4 zuwa 14 sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, mutum ya rikice, jijjiga, doguwar suma. Cikin waɗanda ta kai haka, har 30 cikin 100 na iya rasuwa, wasu da suka tashi kuma su zauna da shanyewar jiki ko nauyin baki. Babu maganin da ke kashe ta, na maleriya ma ba ya taɓa ta.

Abin da ya dame ni shi ne aikin gona zai karanta, wato cikin shinkafar zai riƙa yini, ga daminar Assam mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kada ya yi wasa da allurar. Wadda ake yi wa matafiya sau biyu ce, kwana 28 tsakani. In bai samu a nan ba, ya nemi asibiti a makon da ya sauka. Ki sa masa gidan sauro mai magani da riguna masu dogon hannu a jaka.