Me ya sa ake ba mai tashin kuturta maganin tsutsa tare da faradinizolon?

Sani, jiya da muka sallami mutumin nan na wajen Madarunfa ka tare ni a bakin ƙofa ka ce, "Malam, labo ba ta ga komai a bayan gidansa ba, kuma abin da ya kawo shi kumburin tabo ne da ciwon jijiyar gwiwar hannu. Me ya haɗa shi da maganin tsutsar ciki?" Layi ya yi tsawo a lokacin, shi ya sa na ce ka bari sai yau. Jawo benci ka zauna.

Abin da ka gani a jikinsa ba sabuwar cuta ba ce, kuma ba magani ne ya ƙi shi ba. Garkuwar jikinsa ce ta farka ta afka wa ƙwayoyin kuturta, masu rai da matattu, kuma filin dagar shi ne fata da jijiya. Wannan shi ake kira tashin kuturta, kuma iri biyu ne. Na farko, tsofaffin tabo su yi ja su kumbura, hannu ko ƙafa su tasa, jijiya ta yi kauri tana zogi. Na biyu ya fi kama masu ƙwayoyin cuta da yawa: ƙulluttai masu zafi a ƙarƙashin fata, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, wani lokaci jan ido ko kumburin maraina. Mutuminmu na farkon ne. Ka ga da na taɓa bayan gwiwar hannunsa ya zabura, ƙaramin yatsansa ya kasa buɗewa, kuma bai ji kan biro a gefen tafinsa ba. Wannan jijiyar tana mutuwa ne a gabanmu. Idan raunin bai wuce wata shida ba, akwai kyakkyawan fatan ta farfaɗo da faradinizolon, maganin da ke kwantar da kumburi. Yawanci mukan fara babba da miligiram 40 kowace safiya bayan ya karya, wato ƙwaya takwas ta miligiram 5, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali har mako 12 zuwa 20. Magungunan kuturtar guda uku kuwa, rifamfisin da dafson da kilofazimin, ba a dakatar da su. Marasa lafiya za su roƙe ka ka tsayar, su ce su ne suka tayar musu da ciwo. Kada ka yarda.

To ga inda tsutsa ta shigo. Faradinizolon yana kwantar da garkuwar jiki gaba ɗaya, ba ya zaɓe. Akwai wata 'yar tsutsa da ido ba ya gani, sitironjiloyidis, Faransawa na ce mata angilul. Ta fatar ƙafa take shiga, daga damshin ƙasa inda ake bayan gida a fili. Ka tuna masu lambu a fadamar Gulbin Maradi da masu noman rani a Jiratawa, yini suke cikin laka ba takalmi. Halinta daban yake da na sauran tsutsotsi: tana hayayyafa a cikin mutum, 'ya'yanta su huda hanji su sake zagayowa, har ta shekara ashirin ko talatin a jiki mai ita bai sani ba. Garkuwa ce ke riƙe da linzaminta. Ranar da ka sa masa faradinizolon, ka kwance linzamin. Sai su fito dubbai, su cika huhu, su kwaso ƙwayoyin cutar hanji su zuba a jini, wani lokaci har su kai ga sanƙarau.

Na taɓa gani da idona, ina sabon hannu kamarka a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Wani mai lambu ne, hannunsa ya fara warwarewa, muna ta murna. A mako na uku ya dawo da gudawa da amai da tari mai sarƙe numfashi. Muka ɗauka ciwon huhu ne, muka yi ta allura. Sai da aka duba majinarsa a madubin labo aka ga tsutsotsi na motsi. Bai kwana uku ba Allah ya yi masa cikawa. Har yau ina tuna hularsa da ya bari a kan gado.

Batun labo kuma, kada ka dogara da gwaji ɗaya. Wannan tsutsar ba ƙwai take zubarwa a bayan gida ba, 'ya'ya take saki kaɗan-kaɗan, yau akwai gobe babu, don haka sau da yawa gwaji ɗaya yakan wuce ta. Farin ƙwayar jinin nan da ke hawa idan akwai tsutsa, iyozinofil, shi ma faradinizolon yana danne shi, sai takarda ta nuna maka lafiya lau. Shi ya sa a nan ba ma jiran shaida. Maganin tsutsa na ibamektin ya fi ƙarfi a kanta: mikirogiram 200 a kowane kilo, kwana biyu a jere. Mai kilo 60 zai sha ƙwaya huɗu ta miligiram 3 a rana. Idan babu, a ba da albendazol miligiram 400 safe da yamma, amma ka sani bai kai ibamektin ba. Kuma ba a jinkirta faradinizolon don a gama maganin tsutsa. Rana ɗaya ake fara su, jijiya ba ta jira.

Kafin ka miƙa ibamektin ka yi tambaya biyu. Mace ce, tana da juna biyu? Idan haka ne, ba a ba ta. Yaron da bai kai kilo 15 ba ma ba a ba shi. Sannan ka tambayi inda mutum ya taɓa zama. Mutanenmu 'yan fatauci ne, wani ya yi shekaru a Kamaru ko dazukan kudancin Najeriya, inda ake samun tsutsar ido da ake kira lowa-lowa. Idan ta yi yawa a jini, ibamektin na iya taɓa ƙwaƙwalwa har mutum ya suma. Irin wannan sai an duba jininsa da rana tsaka tukuna.

Ka kuma ja fatar idonsa ka duba. Tsutsar da ke shan jini a hanji tana rage jini, dafson ma yana fasa jajayen ƙwayoyi, idan suka haɗu mutum ya yi fari fat. Tari na sama da mako biyu, a nemi tarin fuka. A gwada sukari, a auna hawan jini, a duba tafin ƙafa ko akwai gyambo mai ruɓa. Wanda abin ya fi ƙarfinmu, ko ido ya ƙi rufuwa, ka rubuta masa takarda zuwa asibitin kuturta na Danja, sun daɗe a wannan aiki.

Mutumin jiya zai dawo nan da mako biyu. Kai za ka gan shi. Ka sa ya rufe ido da ƙarfi, ya buɗe ƙaramin yatsa, ya ɗaga babban yatsa, ya ɗaga ƙafa, ka bi tafinsa da biro, ka rubuta a kati kusa da na jiya. Sannan ka tambaye shi cikinsa da numfashinsa kafin ka ƙirga masa ƙwayoyin gaba.