Ta yaya zan yi bishara a jami'a ba tare da na ta da fitina ba?

Ƙanena, ka ce ka samu shiga ABU Zariya, abokan ɗakinka Musulmi ne, kana son yi musu maganar Almasihu amma kana tsoron rigima.

Doka tana bayanka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa, kai da ɗan MSSN (ƙungiyar ɗalibai Musulmi) duka. Amma fa doka ba ta kashe wutar da baki ya kunna. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga taron wa'azin ɗalibai ya faro a kwalejin ilimi, kafin a ankara ya kai Zariya, Kaduna da Funtuwa. Saboda haka kada ka taɓa Annabinsu ko Alƙur'ani, ko da wasa, balle a zauren WhatsApp na aji. Faɗi abin da ka gaskata kawai, cikin tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar.

Ni dai ban ga amfanin tsayawa ƙofar ɗakunan kwana da lasifika da asuba ba. Wanda ka hana barci ba zai saurare ka ba. Wanda kuka ci garin kwaki tare, ka raka shi asibiti, ya ga ba ka satar amsa, shi ne zai tambaye ka da kansa. In ya ce ba ya so, ka bar zancen, abota ta ci gaba.

Kuma nemi zumuntar FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista. Tun 1957 aka kafa ta a Gindiri, manyan cikinta sun san zaman Arewa.