Filin Tambaya: Zan iya jinya ta kwamfuta daga nan Sakkwato?

Tambaya: Salam Anti, ni nas ce, shekara bakwai ke nan ina ICU, wato sashen masu tsananin ciwo, a wani asibiti nan Sakkwato, wallahi bayana ya gaji da ɗaga marasa lafiya ga dutin dare ga yara ukku a gida. Na ji wai akwai aikin da nas za ta zauna gaban kwamfuta tana lura da 'yan ICU daga nesa, to mi zan yi in koma can, kuma daga gida ana iya yi? Ƙanwarki daga Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ciwon bayan nan na san shi, ni ma na sha juya mutum a gado ƙarfe ukkun dare.

Aikin gaskiya ne. A Amurka anka fara shi a 2000, asibitocin Sentara na jihar Bajiniya, da fasahar kamfanin VISICU wanda Philips ya saye a 2008. Nas tana zaune a cibiya gaban allon kwamfuta barkatai, bugun zuciya da hawan jini da oksijin da sakamakon gwaji na kowane gado duk suna shigo mata, in ta ga abu ya soma karkacewa sai ta kunna kamarar ɗakin ta yi magana da nas ɗin da ke wurin. Asibitin Emory na Atlanta har ma'aikata ya kai Ostireliya don su riƙa duba majinyatan Atlanta da dare alhali su can rana ce tsaka.

Amma ƙanwata kar ki ɗauka hutu ne. A bakin gado mutum ɗaya ko biyu kike riƙe da su, a cibiya kuwa talatin ko fiye, awa 12 ido na kan allo. Abin da ya fi ci wa masu yi rai shi ne hannu. Kina kallon oksijin ɗin dattijo na sauka 94, 90, 86, kin san majina ce ta toshe bututun numfashi, amma ba ki iya miƙa hannu ki zuƙe ta, sai dai ki kira wata wadda wataƙila ba ta taɓa ganinki ba ki lallashe ta ta yi maza. In ba ki da taushin baki sai ta ɗauke ki 'yar sa ido.

Zancen daga gida kuma, gaskiya zan gaya miki, lasisi na bin inda maras lafiya yake kwance ne. Lasisinki na majalisar nas-nas da ungozoma ta Najeriya ba ya ba ki damar taɓa majinyacin Amurka ko ta kamara, sai kin ci NCLEX, jarabawar lasisin nas ta Amurka, kin samu lasisin jihar da yake kwance, kuma galibi a cibiya ake zama don sirrin majinyata da wuta da intanet da ba su ƙiftawa. Duk tallan da kinka gani a Facebook ana cewa turo kuɗin rajista ki fara daga ɗakinki, don Allah ki tsallake shi.

Shekarun nan bakwai su ne jarinki, don ƙwararrun ICU kawai ake ɗauka. In ba ki yi kwas ɗin ƙarin ƙwarewa na jinyar masu tsananin ciwo ba ki nema, ki goge hannu a kwamfuta da karanta ECG, wato zanen bugun zuciya. Ciwon bayan kuma kar ki jira, ki je a duba shi satin nan, kuma ki daina ɗaga mutum ke kaɗai ko da sista ta ce babu mutane.