Ɗana yana manna waya a fuska, amma bai taɓa kukan ido ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6 idan ya ɗauki waya sai ya kawo ta dab da hancinsa, ya yi ta kallo bai ce idonsa na ciwo ba. Ni kuwa sai na miƙar da hannu kafin in iya karanta saƙo. Hasken wayar zan rage, ko in saya masa tabarau mai tare shuɗin haske? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ajiye kuɗin tabaran nan tukuna, domin matsalar ba daga hasken take ba.

A cikin ido akwai wani madubi da tsoka ke matsawa ko sassautawa don daidaita gani, kamar yadda kyamarar waya ke gyara hoto idan kin matso da abu kusa. Madubin yaro taushi ne da shi. Ɗan shekara 10 yana iya ganin rubutu tar a tazarar da ba ta kai santimita 10 ba. Daga nan ƙarfin yake raguwa a hankali, har idan mutum ya haura 40 madubin ya fara tauri, sai an nisanta rubutu ko an sa gilashin karatu. Naki ke nan, kuma ba cuta ba ce. Shi kuwa ɗanki yana da rarar ƙarfi, shi ya sa ba ya kuka. Amma rashin kukan ba shaidar lafiya ba ce.

Idon yaro bai gama ginuwa ba. Ana haihuwar jariri da ƙwayar ido mai tsawon kusan milimita 17 daga gaba zuwa baya, ta babba kuwa kusan 24 ce. Saboda gajartarta, yawancin jarirai sai idonsu ya ƙara ƙoƙari kafin hoto ya zauna daidai a bayan ido. Ƙwayar tana tsawo da sauri a shekarun farko, sannan ta rage gudu, har ta daidaita wajen shekarun shiga firamare. Abin mamaki, ido yana bin abin da yake gani ne wajen sanin inda zai tsaya. Idan tsawon ya zarce, ko da milimita ɗaya ne, abin nesa ya koma dishi-dishi, yaro ya fara runtse ido don ganin allo a aji. Kuma ƙwayar da ta yi tsawo ba ta komawa. Tabarau yana gyara gani ne kawai.

Gado yana da hannu a ciki, musamman idan iyaye duka biyu ba sa ganin nesa. Sai yawan duba abu a kusa, littafi ne ko waya. Amma abin da bincike ya fi ƙarfafawa shi ne ƙarancin fita waje. Hasken fili, ko a inuwa ne, ya ninka na ɗaki sau da yawa, kuma masana na ganin yana sa ido ya fitar da sinadarin da ke taka wa tsawon birki. A manyan biranen gabashin Asiya, inda yawancin masu gama sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau, an gwada wannan. Taiwan ta fara ƙarfafa makarantu su fitar da yara waje minti 120 a rana tun 2010, kuma an ga sauƙi.

Don haka ki sa ya riƙa wasa a waje kamar awa biyu kullum, ki hana shi kawo wayar ƙasa da santimita 30 ko 40. In kallo ne, talabijin daga nesa ya fi wayar hannu. Tabarau mai tare shuɗin haske kuwa, babu gamsasshiyar hujja cewa yana kare ido, talla ce ta fi yawa a kansa. Sannan ki kai shi a gwada masa ido, don wani yaron yana matso da waya ne saboda matsalar ta riga ta fara.

Tambaya: Akwai saitin da zai hana yaro matso da waya? Daga wani uba.

Amsa: Akwai, Malam. A iPhone da iPad masu Face ID, wato masu buɗewa da fuskar mai su, tun daga iOS 17 na 2023, shiga Screen Time ka kunna Screen Distance. Idan yaro ya daɗe da riƙe na'urar ƙasa da santimita 30, sai gargaɗi ya rufe allon har ya nisanta ta. A Android, manhajar Family Link ta kula da wayar yara za ta ba ka damar ƙayyade lokaci da kulle wayar idan ya cika. Ƙara girman rubutu ma yana taimakawa. Ka kuma koya masa ya ɗaga kai duk bayan minti 20, ya dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, tunda mai kallon allo ba ya yawan ƙiftawa, ido ya bushe.

Tambaya: 'Yata wata 8 gare ta, tana shiru idan na kunna mata bidiyo. Da illa? Daga wata mai jego.

Amsa: 'Yar'uwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ba jarirai da 'yan shekara ɗaya kallon allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. A waɗannan watannin ne ƙwaƙwalwar 'yarki ke koyon haɗa idanu biyu da auna nisa, kuma fuskarki da abin da za ta miƙa hannu ta kama sun fi mata amfani. Ki lura da idon: idan ɗaya yana karkacewa irin na harara-garke bayan ta wuce wata 6, ko kin ga fari a tsakiyarsa a hoton da aka ɗauka da filashi, ki kai ta wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.